Daren da Sama Ta Ƙi Amsawa

Aikina sallama ne.
Daga ɗakin katako a bakin kogin Kitinen
nake aika murya sama, minti bayan minti,
siririyar muryar rediyo wadda kunne ba ya ji.
Ta hau kilomita ɗari, ɗari biyu, ɗari uku,
ta tarar da rufin da ido bai taɓa gani ba,
inda hasken rana ya sassaɓe iska
ya bar ta cike da lantarki.
Ta daki rufin, ta dawo mini,
kamar guga daga rijiyar da aka kife.

Shekara goma sha tara ina jan gugan nan.

Ran Litinin rana ta yi atishawa.
Ba mu gani ba. A Disamba, nan Sodankylä,
leƙe kawai take yi ta bayan itatuwa, ta koma.
Kwana biyu hucinta yana tafe,
daren Laraba ya ƙwanƙwasa ƙofar duniya.
Allurar maganaɗisu, mai natsuwa irin ta tsofaffi,
ta kama rawar ɗari.

Tara da kwata na yi sallama. Shiru.
Na sake.
Rufin yana nan, bai rushe ba.
Hawan da ke ƙarƙashinsa ne ya yi kauri,
ya zama jiƙaƙƙen bargo,
duk muryar da ta shiga, ya haɗiye.
Can ƙololuwa iska ta ɗau zafi, ta kumbura,
tana riƙe wa taurarin ɗan'adam gefen riga.

Oula ya bugo waya yana haki.
Bareyinsa arba'in da ɗaya, masu na'ura a wuya,
taswira ta ce sun bar daji, suna kan kogi.
Na ce, Oula, cire takalmin.
Dabbobinka na tonon ƙanƙara inda ka bar su.
Saƙon ne ya ratso sama mai tangaɗi,
ya iso a buge, ya shara maka ƙarya.
Ya yi dariya, ya zagi rana, ya kashe.

Sai Babana.
Eelis, shekara tamanin da ɗaya,
wanda ya ce wayar hannu ta marasa haƙuri ce.
Duk Laraba ƙarfe goma yakan murɗa akwatinsa,
ya jefa murya a gajeren zango,
ta daki sama, ta daki teku, ta sake dukan sama,
ta sauka a Kanada, a ɗakin ƙanensa Taavi.
Hirar ba ta wuce ciwon gwiwa da kuɗin itace.

Ya ce, Aulikki, bai amsa ba.
Na ce, sama ce, Baba. Yau ba mai jin wani.
Ya ce, kin tabbata?

Ina da lambobi shafi guda a gabana.
Sun san kaurin bargon, sun san tsayinsa.
Ba su san ko Taavi na zaune a kujerarsa ba.
An ce shiru ma magana ce,
ni dai injina bai iya wannan harshen ba.

Na fita ba hula.
Sanyi ya cije ni a haƙori.
Kore ya zubo daga arewa, labule bisa labule,
ja a samansa kamar garwashi ta bayan tafin hannu.
Mutanen gari na ta ɗaukar hoto a kan gada.
Abin da ya ƙawata musu dare
shi ya toshe wa tsoho kunne.

Asubar Juma'a gugan ya dawo,
ɗan ɗigo a kan allo, yana makyarkyata,
kilomita ɗari biyu da sittin.
Na rubuta lokaci. Na dafa kofi.

Na tuƙa zuwa gidan Baba.
Tun daga ƙofa nake jin shuuu, kamar ruwa a kan kwano,
shi kuma ya duƙa, yatsa biyu a kan maɓalli,
yana matsawa kaɗan-kaɗan.
Ban ce masa yau ba Laraba ba ce.
Na jawo kujera.
Can cikin shuuun, nesa,
wani ya yi tari.